Wa ya taɓa shafa wa tukwane toka?

Maginiyar Aboabo: Salamu alaikum jama'a. Na gaji da gilez, wato shafin da ke narkewa a jikin tukwane idan an gasa, mai sulɓi irin na farantin kanti, ina son mai kaushi wanda hannu zai ji. Na samo tokar ɓawon koko wajen masu sabulun salo, na kwaɓa da farar ƙasa rabi da rabi, na shafa wa kofuna. Da na buɗe murhu, ko alamar narkewa babu, sai zuba yake kamar gari. Ina na kuskure?

Ɗalibin jami'ar KNUST ta Kumasi: Hajiya, wutarki ce ba ta kai ba. Shafin toka sai wajen digiri 1,250 na ma'aunin Celsius yake narkewa, kuma yana son a ƙara masa garin dutsen felsfa, mai taimakawa wajen narkewa. Amma ki kula da yumɓun. Bara na yi taurin kai, na sa jan yumɓu irin wanda matan Pankrono ta Kumasi ke gina asanka, kaskon niƙa kayan miya, da shi, na ba shi wannan wutar. Kwanukan suka kumbura, suka zauna, biyu suka manne da katangar murhu. Da kurfi na ɓamɓare su.

Baban Nima: Yaro ya faɗi gaskiya. Ko Michael Cardew, Baturen magini, kafin ya tafi tsohuwar Abuja (Suleja ta yanzu) inda ya yi aiki da shahararriyar maginiya Ladi Kwali, sai da ya sha fama da ƙasa da wuta a garin Vume na Ghana. Ni abin da ya same ni daban: na cusa hannu cikin kwaɓin tokar koko ba safa, yatsuna suka saɓule. Wadda ake sabulu da ita ce fa! Yanzu jiƙa ta nake, in tsiyaye ruwan sau uku, in tankaɗe. Sai dai marar wankin ta fi gudu a jikin tulu, tana barin zirin kamar sawun ruwan sama a bangon ƙasa, kuma wallahi ta fi kyau. Tokar ƙaiƙayin shinkafa kuwa ba ta gudu, fari take bayarwa mai gautsi.

Ƴar Asawase: Ni faso nake nema, irin na fadama da rani. Garin magniziyam kabonet, wani farin sinadari, na ƙara, na shafa da kauri. Ya dare tun kafin gashi, ina ɗagawa rabinsa ya zube a zanina. Wanda ya tsira ya fito ɓawo-ɓawo kamar bayan kada. Wata ta saya, ta dawo tana faɗa wai koko na maƙalewa a tsagun. Tun daga ranar, waje kawai nake shafawa, ciki mai sulɓi.

Maginiyar Aboabo: Na gode ƙwarai. Zan fara da ƴan ɓallin gwaji kafin in sake asarar kofuna. Baba, sau ukun nan a yini ɗaya ne, ko kwana take a ruwa?

Baban Nima: Kwana take, ƴata. Ki sa safa.