Wa ya taɓa ceto hoto daga ma'ajiyar burauza?

Baban Ummi: Salamu alaikum. Shafin da ƙanena ya buɗe wa shagonmu na huluna ya rufe, kuɗin haya ya ƙare ba mu sabunta ba, wayar da aka ɗauki hotunan kuwa tuni ta faɗa ruwa. Amma makon jiya na buɗe shafin da Chrome a kwamfutata. An ce min burauza kan ajiye kwafin abin da ta nuna. Wanda ya taɓa gwadawa ya agaza.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Alhaji, ka rufe Chrome ɗin yanzu-yanzu, domin wurin ajiyar yana da iyaka, sabo ne ke korar tsoho. A Windows ka bi AppData\Local\Google\Chrome\User Data\Default\Cache, ka kwafe jakar gaba ɗaya zuwa filash, a kan kwafin za ka yi aiki. A ƙaramar jakar Cache_Data da ke ciki za ka tarar da fayiloli irin su f_00001a, ba alamar ko mene ne. Ni Notepad nake buɗe su da shi: cikin tarkacen rubutun, in na ga JFIF a farko sai in ƙara .jpg a sunan, in na ga RIFF da WEBP in sa .webp. Dare guda na taɓa kashewa a kan haka saboda katin bikin wani kwastoma, ladana kuwa "Allah ya saka".

Maman Hanif: Ni kam tsafta ce ta ja min. Na ga kwamfuta ta yi nauyi na share tarihin burauza, ashe har da hotunan. Washegari aka sauke shafin da ke da hoton yaye ɗaliban ajinmu. Har yau abin na ci min rai.

Ɗan Maraɗi: Injiniya, ka wahalar da kanka a banza. Manhajar ChromeCacheView ta NirSoft kyauta ce, tana jero kowane fayil da adireshin da ya fito, sai ka zaɓa ka kwafe. Mu 'yan Firefox kuwa about:cache kawai muke rubutawa a wurin adireshi mu ga jerin. Chrome ma ya taɓa samun irinsa, aka cire a 2018.

Baban Ummi: Alhamdu lillahi, na samu goma sha huɗu. Waɗanda ban danna ba ƙananan kwafinsu kawai suka fito, in ka buɗa su ko zanen zanna bukar ba ka rarrabewa. Gobe da safe zan shimfiɗa farin yadi a ƙofar shago in sake ɗaukar sauran.