Worbla na yi mini ƙuraje a kan sulken hannu

Salamu alaikum 'yan'uwa. Sati biyu ke nan ina fama da sulken hannu na shigar wani jarumin wasan bidiyo. Na yanka soson EVA (wani soson roba) mai kaurin milimita 5, na lulluɓe shi da Worbla (wata roba ce falle-falle da ke yin laushi in ta ji zafi) ciki da waje. Da na hura masa zafi sai iska ta maƙale tsakani, saman ya yi ƙuraje. Na huda da allura na danne, amma tabon na fitowa bayan fenti. In na rage zafin kuma Worbla ba ta yin laushi, don sai ta kai wajen digiri 90 na Celsius. Falle ɗaya ya rage mini, ga shi daga waje nake odarta. Shin soson zan fara gasawa shi kaɗai kafin in rufe shi? Don Allah wanda ya taɓa yi ya taimaka mini.