Wayata aka fizge, amma Turancin rahoton ya gagare ni

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, ku taimaka mini don Allah. Jiya da magariba aka raba ni da wayar wurin aiki ina cikin adaidaita sahu a hanyata ta komawa gida. Oga ya ce in rubuto rahoto da Turanci kafin gobe. Na rubuta "They robbed my phone", sai abokin aikina ya karanta ya fashe da dariya, wai ba a faɗar haka. Na ce to me ake faɗa, shi ma ya kasa yi mini bayani. Ni dai a sanina rob da steal duk sata ce. Mene ne bambancin?

Wani malamin Turanci na sakandare:
Wa'alaikumus salam. Allah ya mayar maka da alheri, ƙanina. Abokinka yana da gaskiya, dalilin ne dai bai sani ba. Steal tana bin abin da aka ɗauke, rob kuma tana bin wanda aka yi wa ta'asar, ko wurin da aka yi ta. Wato za ka ce "They stole my phone", ko kuma "They robbed me". In kana so ka haɗa su a jimla ɗaya sai ka ce "I was robbed of my phone". Ka duba Hausarmu ma, ai haka take: ana satar waya, amma mutum ake yi wa fashi, ko banki. Ba ka taɓa jin an ce an yi wa waya fashi ba. Sannan ka kula da sauyin kalmar: steal, stole, stolen. Ɗalibaina kullum sai sun rubuta mini "stealed", har jan birona ya gaji.

Wani lauya:
Malam ya gama da nahawu, ni kuma bari in ja kunnenka ta wani ɓangaren. Tun da rahoto ne da zai shiga fayil, wataƙila har ya kai ga 'yan sanda, kalmar da ka zaɓa ita ce shaidarka. A shari'a, robbery sata ce da aka haɗa da ƙarfi ko barazana. In babu ko ɗaya, theft ce kawai. Dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa theft take cewa, ita kuwa Criminal Code ta Kudu stealing take cewa, amma duka biyun sun ware fashi daban, hukuncinsa ma ya fi tsanani. Saboda haka ina tambayarka: an nuna maka wuƙa? An buge ka? Kada ka rubuta rob don kawai ta fi nauyi a baki, gobe a tambaye ka makamin da aka nuna maka ka fara kame-kame.

Wata 'yar'uwa da ke karatu a Ingila:
Sannu Yaya, Allah ya kiyaye gaba. A nan in aka tare mutum a titi aka tsorata shi aka karɓe masa kaya, "I was mugged" suke cewa. In kuwa hannu aka sa aka fizge aka gudu, snatch ce. Ɗan sane shi ne pickpocket. In gida aka fasa, Turawan Ingila su ce burgled, na Amurka su ce burglarized, ko kuma kowa ya ce "they broke into my house". Akwai kuma nick da pinch, irin "someone nicked my bike", amma wannan Turancin hira ne, kada ka kuskura ka sa wa Oga a takarda. Abin dariya kuma, na sha jin wasu 'yan Liverpool suna cewa "he robbed my phone" a hirarsu. Su dai ba wanda zai ja musu jan biro.

Wani ɗan kasuwa:
Ni karatuna bai yi nisa ba, amma na san shoplifting, don na gan ta a jikin allo a wani babban kanti a Dubai, wato ka shiga kamar mai sayayya ka soke kaya a riga. Malam, ita kuma loot da 'yan jarida ke yawan rubutawa fa?

Malamin Turanci:
Alhaji, loot wawaso ce, irin wadda ake yi lokacin tarzoma ko yaƙi. Asalinta ma daga Hindi Turawa suka aro ta zamanin da suke mulkin Indiya. Jaridunmu sun faɗaɗa ta zuwa wawure dukiyar gwamnati, shi ya sa kake ganin "Abacha loot" a kanun labarai. Wanda aka ba amanar kuɗi ya yi sama da faɗi da su kuwa, embezzle ya yi. Mai damfara, defraud ko swindle. Ɓarayin shanu ma suna da tasu, rustle, wadda a ma'anar sata da wuya ka ji ta a kan wani abu in ba dabbobi ba.

Lauyan:
Kuma 419 da kowa ke faɗa lambar sashe ce a Criminal Code, wanda ya yi magana kan karɓar kayan mutum ta hanyar yaudara.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Barista, gaskiya ban ga makami ba. Ina riƙe da wayar ina duba saƙo, wasu yara biyu a kan babur suka zo ta gefe, na bayan ya fizge suka ƙara wuta. Ga abin da na gyara: "My phone was snatched by two men on a motorcycle." Ya yi?

Lauyan:
Ya yi. Ka ƙara lokaci da sunan titin, sannan ka nemo kwalin wayar ka kwafi lambar IMEI, wato lambar shaidar da ta bambanta wayarka da kowace waya, ka sa a ƙasan rahoton.