Rimot yana tayar da motar amma sai ta mutu, Ram mai dizal

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah wanda ya san harkar wayarin mota ya taimaka min. Ina Winnipeg, ina da Ram 2500 mai injin Cummins 6.7, na kai an saka mata rimot na tayarwa daga nesa kafin sanyi ya shigo kuma lokacin lafiya lau take tashi. To yanzu da sanyi ya kai 25 ƙasa da sifili sai in danna daga cikin gida, fitilu su yi ƙifta, sitata ta juya, wani lokaci ta tashi tayi kamar sakan goma ta mutu, wani lokaci ma ko tashi bata yi. Amma in na fita na murɗa makulli na jira fitilar nan ta dashbod mai nuna a dakata kafin a tayar ta ɗauke, kik ɗaya take tashi. Da asuba nake fita aiki wlh abin ya dame ni, wanda ya saka min kuma yace sai nan da sati biyu.

Rewaya:
Wa alaikumus salam Baban Hanifa. Ai amsar tana cikin bayaninka, inaga saitin motar fetur aka bar maka. Cummins ɗinka bashi da hita filogi irin na Ford da Chevy, hita ce guda a bakin hanyar iska take ɗumama iskar kafin ta shiga injin, a irin wannan sanyin tana iya cin sakan 30, shine jiran da kake yi da makulli. Shi rimot in ba'a haɗa masa wayar wannan fitilar ba ko a saka masa lokacin jira, kai tsaye zai buga sitata injin na sanyi ƙarara.

Mutuwar bayan ta tashi kuma wata matsalar ce daban. Hitar nan bata tsayawa da an tashi, tana cigaba da kamawa tana saki, kuma wuta take ja sosai, ka lura zakaga fitilu na dusashewa suna dawowa. In an saita rimot ɗin yana gane injin ya tashi ta ƙarfin wutar batir, da wutar ta faɗi sai ya ɗauka injin ya mutu ya kashe komai. Kace masa ya maida shi karanta juyin injin, ta kwamfutar motar ko ta wayar injekta.

Maman Sadiq:
Yaya ka duba ɗan makunnin nan na ƙarƙashin bonet ma, na maigidana gishirin titi ne ya sa yayi tsatsa, rimot ya ɗauka bonet a buɗe yake yaƙi tayarwa sam. Sannan kana jona ɗaya hitar, mai ɗumama jikin injin, a soket da daddare kuwa?

Baban Hanifa:
Ina jonawa Hajiya, kullum. Malam Rewaya gaskiya fitilun na dusashewa kamar yadda ka faɗa, zan iya gyara saitin da kaina?

Rewaya:
Ya danganta da irin rimot ɗin, wasu ana shiga saiti da maɓallan jikinsa, wasu sai an jona da kwamfuta, kada ka taɓa wayoyin ƙarƙashin sitiyari da kanka. Kafin ranar, ka sa a gwada maka batir ɗin duka biyun, kowanne shi kaɗai, don in ɗaya ya raunana shi ke janyo ɗan uwansa. Kuma dan Allah banda gwaji cikin gareji a rufe, ka fito da ita waje.