Me ya sa PS5 ke karɓar kaset ɗin PS4 amma ta ƙi na PS3?

Sadiq_Gema:
Salam 'yan uwa, wani abu ne ya ɗaure min kai. Na sayi PS5, na zura kaset ɗin PS4 ta karɓa lafiya lau, sai na jawo kwalin tsofaffin kaset ɗina na PS3 na kakkaɓe ƙura na saka ɗaya, wlh ko kallonsa ba ta yi ba. Ni a tunanina tunda furosesanta ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba ai kamata ya yi ta cinye duk na baya, ko dabara ce kawai don mu sake saye?

Injiniya_B:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ba maganar ƙarfi ba ce, yare ne ya bambanta. PS3 da ta fito a 2006 furosesa Cell gare ta, wanda Sony da Toshiba da IBM suka haɗu suka ƙera a kan tsarin PowerPC, kuma yana da wasu 'yan ƙananan ma'aikata a ciki da ake kira SPE, guda 6 masu gem ke raba wa aiki, kowane kamfani da irin tasa dabarar. A 2013 sai PS4 ta bar wannan gidan kwata-kwata ta koma Jaguar na AMD, wato x86 irin na kwamfuta. PS5 kuma Zen 2 ce, AMD ɗin dai, x86 ɗin dai, shi ya sa take jin umarnin gem ɗin PS4 kai tsaye. Na PS3 kuwa sai an sa mata tafinta wato emuleta, kuma kwaikwayon SPE ɗin nan aiki ne ja.

Kawu_PS2:
Yaro ba ka ga PS3 ta farko ba, mai ƙibar nan 60GB. Furosesan PS2 ɗin kansa, Emotion Engine, suka dasa a cikinta, inji biyu a akwati ɗaya kenan. Da tsada ta yi yawa suka fara cirewa, mai 40GB ta 2007 ba ta cin kaset ɗin PS2 sam. Ita ma PS2 haka ta ɗauko furosesan PS1 a cikinta.

Maryam_x86:
Ku ƙara da cewa gudun ma kansa yana iya ɓata gem. Wasu an rubuta su ne da sanin inji zai yi gudu kaza ba ƙari, in aka ƙara sai lissafi ya rikice ya dinga tsayawa ko ya fita. PS4 na 1.6GHz, PS4 Pro, wato samfurinta mai ƙarin ƙarfi, na 2.13GHz, amma Pro takan sauko daidai da tsohuwar in gem ɗin ba a sabunta shi ba, sai a 2017 aka kawo Boost Mode mai barin ta ta yi cikakken gudunta a irin waɗannan gem ɗin, kuma kai za ka kunna da hannunka.

Sadiq_Gema:
Allah ya saka malamai, na fara ganewa. To Xbox fa? Abokina yana buga na tsohuwar Xbox 360 a sabuwar Xbox Series X ɗinsa da ido na na gani.

Injiniya_B:
Eh ita ma 360 PowerPC ce, amma Microsoft sun zauna sun yi wahalar tun 2015, gem ɗaya bayan ɗaya. Ka lura in ya saka kaset ɗin sai ta sauke wani kwafi daga intanet, kaset ɗin mabuɗi ne kawai, kuma wanda ba ya cikin jerinsu ba zai tashi ba. A PS5 na PS3 sai dai ta PS Plus Premium, wato rajistar Sony da ake biya, ana turo maka hoton daga sabarsu, in netwok ɗinka ya yi sanyi za ka ji a jikinka. In PS3 ɗinka na nan da rai kar ka sayar.