Tarakta ta kafe a taɓo, a taimaka da shawara

Salam jama'a, dan Allah masu aiki da manyan injina ku taimaka. Taraktarmu ce ta kafe a gona bayan ruwan sama, tayoyin baya sun nutse har cikinta ya zauna kan laka, ga garma a ɗaure a bayanta. Mun haƙa gaban tayoyin mun sa duwatsu da katako amma da direba ya taka sai su dinga juyi a banza tana ƙara nutsewa. Wani mai katafila ya yarda zai ja ta, to ni sarƙar nake tsoro wallahi, in ta tsinke tana iya kashe mutum. A ina ya kamata a ɗaura ta, kuma gaba za a ja ko baya? Garmar fa, mu fara cire ta ne?