Jan maɓalli a bakin inbata: ya wadatar ko da saura?

Auwalu: Salamu alaikum. Jiya na gama haɗa fanel na injin ɓarzar masara a unguwar Dakata, moto mai kilowat 22 da inbata, wato na'urar da ke sarrafa gudun moto. Jan maɓallin gaggawa na kai shi kai tsaye bakin da inbata ke karɓar umarnin tsayawa. Na danna sau goma, sau goma ya tsaya. Ni dai a ganina ƙara rile na tsaro (na'urar da ke sa ido kan maɓallin) da kontakta biyu (makunnan da ke haɗa wa inbata wuta ko su yanke ta) ɓarnar kuɗin maigida ce kawai. Mai ja ya fito.

Oga Bala: Wa alaikumus salam, ga ni na fito. Wane baki ka ɗauka a jikin maɓallin, mai zama a rufe ko mai zama a buɗe?

Auwalu: A buɗe, Oga. In an danna sai ya haɗa.

Oga Bala: Tun nan ka zame. Gidan masara ba ya rasa ɓera. Ya ci wayar nan da dare, gobe ka danna har yatsa ya gaji, injin na ta gudu abinsa. Mai zama a rufe ake sawa, domin waya na tsinkewa injin ya mutu da kansa. Gara a kira ka ana masifa injin ya ƙi tashi da a kira ka daga asibiti.

Injiniya Hadiza: Baba ya faɗi rabi. Ko ka sauya bakin, abin da kake aikawa roƙo ne ga manhajar inbata. A wasu inbatocin, da an mayar da sarrafawa kan allon gaba, sai ta yi kunnen uwar shegu da wannan bakin. Shi ya sa ake da STO (Safe Torque Off), wanda ƙa'idar IEC 61800-5-2 ta fayyace: baki biyu ne da ke yanke siginar kunna taransistoci ba tare da jiran manhaja ba, moto ba zai ƙara samun ƙarfin juyawa ba.

Oga Bala: 'Yata, ni abin da ban ji ƙararsa ba ban yarda da shi ba. Kontakta in ta saki kowa ya ji.

Injiniya Hadiza: Baba, kai ka nuna mana kontaktar da bakinta ya narke ya manne, an cire wutar koyil amma tana nan a haɗe. Dalilin jera biyu ke nan, da ƙaramin baki mai komawa ga rile ya shaida cewa sun buɗe da gaske kafin a yarda a sake tayarwa. Ga shi yawan yanke wuta a gaban inbata yana gajiyar da sashen da ke cajin kafasito.

Oga Bala: Na ji. Amma ki faɗa wa yaran nan gaskiya, STO ba ya cire wuta daga inbata.

Injiniya Hadiza: Ko kaɗan. A layin bolt 400, kafasito na riƙe da kusan 560. Mai gyara ya kashe babban makunni, ya sa kwaɗo, mukulli a aljihunsa, ya jira aƙalla minti 5 ko abin da aka rubuta a jikin murfi, sannan ya auna da mita.

Malam Nura: Duk kun manta da NEPA. A wani gidan shinkafa da na yi aiki, an haɗa inbata da makunni mai zama a kunne. Aka ɗauke wuta, yaro ya zura hannu yana kwashe shinkafar da ta toshe injin ɗaga hatsi. Wuta na dawowa bel ya ja. Hannun rigarsa ya tafi da shi, Allah ya tsare naman. Tsohon haɗin kontakta mai riƙe kanta bai taɓa yin haka ba, sai an zo an danna koren maɓallin tayarwa.

Auwalu: To ni ma ina da tambaya. In aka yanke ƙarfi ɗif, gudumomin injin nan sai sun gaji da juyi don kansu. Nawa haɗin kuwa inbata ce ke taka masa birki. Wanne ya fi tsaro?

Malam Nura: A nan kam yaron yana da gaskiya.

Injiniya Hadiza: Yana da ita, kuma ƙa'idar IEC 60204-1 ta san da zamanta. Tsayawar gaggawa iri biyu ta yarda da su: rukuni na 0, a yanke nan take, ko rukuni na 1, a taka birki tukuna sannan a yanke. Kai Auwalu ka yi birkin ka bar yankewar. Rile mai ƙidayar lokaci zai cika maka, ko birki ya kama ko bai kama ba. Murfin ɗakin gudumomi kuma a sa masa makulli mai ƙin buɗewa sai juyi ya ƙare.

Auwalu: Na buɗe inbatar yanzu. Akwai baki biyu an rubuta STO, wata 'yar waya ta haɗe su da na bolt 24.

Injiniya Hadiza: Da ita ta zo daga kamfani. Gurbin rilenka ke nan.

Auwalu: Saura wanda zai faɗa wa Alhaji mai injin akwai ƙarin kuɗi.

Oga Bala: Turo min lambarsa, bayan la'asar zan kira shi.